Ƙarfen da ke Haƙarƙarin Ubale

Yayana Ubale ya dawo daga yaƙin ƙasar Bama, na zamanin Turawa, da akwatin ƙarfe, da takalma masu nauyi, da wata irin tafiya wadda ba da ita ya tafi ba. Yakan ranƙwafa, ya mai da hannayensa baya, kamar mai goye da mutum. Yaran rugarmu, a bakin dajin Falgore, suka ce aljani ya goyo daga can. Na sha bin su da muciya a kan wannan magana. Amma ni kaina, in na hango shi yana tahowa daga rafi da la'asar, sai na kau da kai, don idona ƙirga mutum biyu yake yi.

Su biyu suka tafi, shi da Habu, ɗan Goggo Tani ƙanwar babanmu. Taubasai ne, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ubale kaɗai ya dawo.

Habu ɗan fari ne, Goggo kuwa irin matan da ne masu kunyar gaske. Tun da aka yaye shi ta miƙa wa kakarsa. Ba a taɓa ganin ta goya shi ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan". Shi ma Adda yake ce mata, kamar yayarsa. Ran da Ubale ya dawo, ruga ta cika da kuka, ita tana can tana kaɗa nono ba ta ko ɗago ba. Sai da ƙafa ta ɗauke sannan ta zo da ƙwarya, wai aron gishiri. Ina zaune ina ji ta tambaye shi, idonta a ƙasa.

"Wancan, ya ji jiki?"

Ubale ya ɗaga rigarsa, ya nuna mata wani tabo a ƙasan haƙarƙari. "Goggo, ƙarfen da ya same shi, ragowarsa ce nan a jikina. Kin ga, ba ya zafi ko kaɗan. Shi ma haka, kamar barci ya tafi. Ko uffan bai ce ba."

Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta ɗauki ƙwaryarta, ta manta gishirin.

Daga ranar, duk inda suka haɗu sai ta tambaye shi, "Yana ciwo?" Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Ina fa, Goggo." Shekara kusan goma suna wannan gaisuwa.

Murmushin nan na san shi, kuma na tsane shi. Ubale ɗan sharo ne. Da ƙuruciya daga Ɗansoshiya har Doguwa ba a yi saurayin da ya kai shi tsayawa a fage ba. A zabga masa tsumagiya fata ta tsage, shi yana riƙe da madubi yana gyara gira. 'Yan mata su yi ta guɗa, har da ni, don ban san abin da ake shuka masa ba. Haƙarƙarinsa duk tabo ne, layi bisa layi. To, da aka zo sallamar sojoji, wani likita ya duba shi a gaggauce, ya ga tabo da yawa, ya danna ɗaya ya ce, da zafi? Ubale ya yi masa murmushin fage ya ce babu. Likita ya rubuta cewa duk tabon gida ne, babu raunin yaƙi. Bawan Allah ina ya san sharo.

Ƙarfen kuwa bai zauna wuri ɗaya ba. Kowace damina sai ya ƙara nutsewa. Ubale ya daina ɗaga sanda sama, ya daina tsallake rafi, a hankali shanunsa suka koma hannun ƙannenmu. In an kawo masa fura sai ya sha rabi, ya ture ƙwaryar gefe, ya jira. Wurin da gora ta yi duhu a bakin kogi ba ya bi, ya ce ruwa in yana zuba a ganyen gora ba ruwan nan ba ne, na can ne.

Wata rana da yamma na je rafi ɗiban ruwa na same shi durƙushe a kan yashi. Ya ciji reshen tsamiya, gumi na zuba, hannayensa a baya yana tallafe da abin da ba na gani. Ya tofar da reshen ya ce, a hankali, "Na ji, Habu. Yi haƙuri, mun kusa." Na koma gida da tulu ba ruwa.

A shekarar 1954, bayan an yi girbin gero, wani tsohon soja mutumin Bebeji, Samanja Shitu, ya zo rugarmu a kan keke. Ya ce an aiko wani bature da likita suna zagayawa don gyara takardun tsofaffin sojoji, za su zauna a ƙofar hakimi a Tudun Wada ranar kasuwa. Ya karɓi takardar sallamar Ubale ya karanta, ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai ne ba ka da rauni? Wallahi ko makaho ya ji numfashinka ya san da ƙarfe a ciki."

Ya yi mana bayani dalla-dalla. Wanda aka rubuta ya ji rauni a fagen fama, za a kai shi asibitin soja a Kaduna a cire masa ƙarfen, a ba shi mindarsa, wato lambar yabon soja. Wanda ba a rubuta ba, ba a san da shi ba. Habu kuma, in ji Samanja, a takardarsu ba a rubuta ya mutu ba, "ya ɓace" aka sa, don sajen da Ubale ya gaya wa shi ma bai fito daga dajin ba. Wanda ya ɓace ba shi da minda, kuma bakin mutane ba ya barin sa, sai ka ji ana cewa ko gudu ya yi. Shaida ɗaya ce za ta gyara takardun biyu: Ubale ya dafa Alƙur'ani ya faɗi abin da ya faru a ranar, a gaban mahaifiyar mamacin.

Samanja na hawa kekensa Ubale ya ce ba za shi ba.

Nan na sauke masa kwandon da na daɗe ina tarawa. Na ce fulakun banza ne, fage ya watse tun tuni, 'yan matan da suka yi masa guɗa duk sun yi jikoki. Na ce in mutuwa yake so ya faɗa, mu sayi likkafani da wuri. Ya bar ni na gama, har muryata ta dushe.

"Hajara," ya ce, "ba kunyar mutane nake ji ba. In na dafa littafin Allah ba zan iya cewa ba ya ciwo ba. In na ce ɗan guntun nan ya hana ni barci shekara da shekaru, Goggo za ta san abin da babban ya yi wa ɗanta. Da me za ta kwana?"

Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma bai sake ni ba. Ina son ran yayana, shi kuma yana tsaron zuciyar tsohuwa da nasa ran.

Goggo ce ta raba gardamar, ba tare da ta san an yi ba. Da sassafen ranar kasuwa ta tsaya a bakin bukkarsa, ta yafa mayafinta na zuwa unguwa. "An ce ana neman shaidarka a kan wancan. Tashi mu tafi." Ubale bai taɓa yi mata musu ba. Muka ɗora shi a jaki.

A ƙofar hakimi an kafa tebur a inuwar ɗurumi. Tsofaffin sojoji sun yi layi, wani ba ƙafa, wani ba ido, daga Kiru, daga Bebeji, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Masu kasuwa sun bar kayansu sun zo kallo. Da aka kira Ubale, Samanja Shitu ne ya tsaya yana yi wa bature tafinta. Wani malami ya kawo Alƙur'ani a cikin gafaka, Ubale ya yi alwala ya dafa.

Likita ya sa ya tuɓe riga. Samanja ya riƙa nuna masa da yatsa, wannan tsumagiya, wannan tsumagiya, wannan kuwa ba itace ya yi shi ba. Likita ya ɗora babban yatsa a wurin ya danna. Na ga jijiyar wuyan Ubale ta miƙe. Sai kuma ga murmushin nan yana tahowa, na ji kamar in kwaɗa masa ƙwarya.

"Likita na tambaya, da zafi?" in ji Samanja.

Ubale ya waiwayi Goggo. Tana zaune a ƙasa kusa da ni, ta lulluɓe. Akawu ya tsai da alƙalami yana jira.

Sai Goggo ta yi magana, ita da ko a gaban dagaci ba a taɓa jin muryarta ba.

"Faɗa musu, Ubale. Ni ma ina zuwa rafi da yamma."

Murmushin ya zube daga fuskarsa.

"Na daɗe da sani," ta ce. "Kuma ni na haifi wancan. Yaron da ƙaya in ta soke shi sai ruga ta ji, shi ne zai tafi ba uffan? Ka yi mini alheri, na karɓa. Yau gaskiyar nake so."

Ubale ya buɗe baki, abin da ya fito ba magana ba ce. Wani irin nishi ne, mai tsawo, kamar na bijimi in an kayar da shi. Mutanen kasuwa suka ja da baya. Sannan ya ce, "Yana ciwo. Wallahi yana ciwo. Tun ranar bai daina ba."

Daga nan ya ba da labarin, Samanja na juyawa, akawu na rubutawa. Suna cikin gora a gefen wani tudu, ana ruwa, harsashin igwa ya faɗo tsakaninsu. Habu cikinsa ya samu. Ubale ya goya shi, ya bi rafi yana neman 'yan uwansu, jininsu ya haɗu har bai san wanne ne nasa ba. Habu ya yi kuka, ya roƙi ruwa, ya roƙi a sauke shi, ya roƙi kada a sauke shi. Rana na faɗuwa ya yi nauyi. Ubale ya haƙa rami da banati, wuƙar bakin bindiga, ya yi masa salla shi kaɗai, ya rufe shi. Nasa raunin kuwa wani soja ɗan wanzamai ne ya ƙona masa da wuƙa, bai je wurin likita ba.

Goggo ba ta motsa ba. Da ya yi shiru ta ce, "Ya kira wani?"

"Ya kira."

"Kakarsa?"

"A'a, Goggo. Ke ya kira. Kuma ba Adda ya ce ba. Inna yake cewa, Inna Tani, tun daga tudun har inda na sa shi."

Na ji hannunta ya damƙi gwiwata, har washegari da shatin yatsunta.

Bature ya yi magana, Samanja ya ce an soke "babu rauni", za a turo mota ta kai Ubale Kaduna, mindarsa kuma za ta biyo baya. An soke "ya ɓace", an rubuta ya rasu a fagen fama. Sai akawu, wani yaro ɗan birni da bai san komai namu ba, ya ɗago ya dubi Goggo.

"Baba, ke ce mahaifiyar? Faɗi sunan ɗanki da bakinki, in tabbatar."

Na yi wuf zan amsa mata, kamar yadda muka saba yi duk tsawon rayuwarta. Ta ɗaga mini hannu. Ta buɗe baki a hankali, kamar mai koyon magana.

"Habu," ta ce. Akawu ya duƙa zai rubuta, ta sake cewa, ba da shi take ba, "Habu."

Da la'asar muka kamo hanya. Ubale ya ƙi jaki, ya ce zai taka. Yana gaba a ranƙwafe, hannaye a baya, kamar kullum. Da muka zo inda hanya ta shiga gora, ya tsaya cak. Goggo ta ƙarasa kusa da shi, ta cire mayafinta.

"Sauke shi haka, Ubale, ka gaji. Ba ni shi. Ban taɓa goya shi ba."

Ta duƙa ta juya masa baya. Ubale ya daɗe yana kallonta, sannan ya saki hannayensa a hankali. Ta yafa mayafin a bayanta, ta ɗaure a ƙirji, ta ɗan girgiza kafaɗa yadda ake gyara wa yaro zama. Ta shiga cikin gorar tana jijjigawa, tana kiran sunan a ƙasa-ƙasa.

Muka bi ta a baya, ni da Ubale. Yana dafe da haƙarƙarinsa, yana nishi a fili, kowa na ji.