Biyar da Tara daga Suriname

Shekara goma sha ɗaya muna hira da Mbah Kasiran, wato Dattijo Kasiran, duk safiyar Lahadi, ni a Purworejo ta tsibirin Jawa, shi a Suriname, ba mu taɓa ganin juna ba. Kakansa mutumin Jawa ne, jirgin ruwa ya kai shi can aikin rake, bai dawo ba. Tun farko muka yi alkawari: ba tarho, ba wasiƙa, rediyo kawai.

Eriyata a lokacin waya ce zalla, daga bishiyar kwakwa zuwa sandar gora. A al'adarmu ta masu rediyon sha'awa, kowa yakan ba ɗan'uwansa makin ƙarfin muryarsa, biyar da tara ne ƙarshen kyau. Ni kullum uku da uku nake samu.

"Dik Sutrimo, yau ma daga cikin tulu kake magana?" Haka yake tsokanata, yana ce mini Dik, wato ƙane.

Abu ɗaya ya taɓa roƙona, in nemo masa ƙauyen kakansa. Na kuwa samo shi, har da kabarin uwar kakan, da wata tsohuwa da ta san sunan gidan. A nan girman kai ya shige ni. Na ce wannan labari ba na uku da uku ba ne, sai ya ji shi tangaram. Na ce masa, "Mbah, ba ni wata ɗaya, zan kafa eriya mai juyawa, ina da albishir."

"To, kar ka daɗe, ka san ni ba yaro ba ne," in ji shi.

Washegari na sauke wayar don a haƙa ramin hasumiya a gurbin gorar. Ko ɗan koyo ya san ba a sauke eriya mai aiki kafin sabuwa ta hau. Ni da na koya wa mutane wannan, ni na yi.

Sai zaɓen eriya ya tsaya mini a wuya. Akwai mai kama da ƙashin kifi, tana da ƙarfi amma iskar damina ba ta raga mata. Akwai mai kama da lema a kife, mara nauyi, zangon rediyo shida take ɗauka, sai dai ƙarfinta bai kai ba. Ga kuma mai kama da keji, wadda ta fi su jin nesa, ta fi filin gidana faɗi. Na cika littafi biyu da kwatance.

"Pak, ko miji ban sha wannan wahalar wajen zaɓensa ba," in ji matata Ngatinem, tana ajiye mini kofi.

A wata na huɗu Darmaji, abokin sha'awata na bayan kasuwa, ya tare ni. "Mas, tsohon nan naka na Suriname fa yana kiranka duk Lahadi. Sau uku yake kira, ya yi shiru. Zo ka amsa da tawa mana."

Na ce sai da tawa. Wallahi har yau ban yafe wa kaina wannan maganar ba.

A wata na bakwai eriya mai kama da lemar ta hau. Ranar Lahadi na juya ta, na kira. Nan take aka amsa, murya tas kamar a ɗakina, amma ta mace ce.

"Pak Sutrimo? Ni ce Warsini, 'yarsa. Bapak, mahaifina, ya rasu sati uku da suka wuce. Ya ce in riƙa kunnawa ranar Lahadi, wai kana da albishir."

Na buɗe littafina inda na rubuta sunan ƙauyen, na kasa karantawa. Ta ɗan jira, sannan ta yi abin da ta ga ubanta yana yi.

"Ina jin ka sosai, Pak," ta ce. "Biyar da tara."