Inda Davi Akpene Take Sharewa

Davi Akpene tana cikin juya kifi a kan wayar banda sai ta ji kukan tifa daga wajen teku. Ta yi turus. Motar kifi ba ta bin can, balle da hantsi haka. Ta bar kifin a kan wuta, ta suri tsintsiyarta ta fita da gudu, zani yana harɗe mata ƙafa.

Kowa a ƙauyen ya san Davi da wannan tsintsiya. Kullum da sassafe tana share bakin teku, daga gindin kwakwa har tsohon kwale-kwale, mutane suna cewa tun da teku ya cinye mata ɗaki kanta ya ɗan taɓu. Ba su san sawu take gogewa ba. Idan macen kunkurun teku ta fito ta binne ƙwai, takan bar sawu kamar na tayar mota, ya kai masu cin ƙwai har bakin ramin. Davi sai ta riga su, ta shafe sawun, ta kwashe leda da shara na wurin duka don kada a gane inda ta nufa. A gidan ubanta ba a taɓa cin kunkuru ba, a haka ta tashi. Ko ɗanta Selom da ke aiki a birnin Tema ba ta gaya wa ba, don bakinsa ba ya riƙe magana. Bana rami biyu take gadi, na farkon ma ya kusa ƙyanƙyasa.

Tana isowa ta ga ɓarnar. Inda ramin farko yake ya zama wawakeken kwari, ƙarti suna ta watsa yashi cikin tifa da shebur. Suna matsowa wajen na biyu.

"Ku tsaya! Ku tsaya na ce!"

Direban ya leƙo yana dariya. Agbeko ne, abokin Selom tun na ƙuruciya, wanda ya ci tuwonta har ba iyaka.

"Davi, wannan gudu haka? Ko miji kika hango a cikin ruwa?"

"Uwarka ce na hango. Wa ya ce ku ɗebi yashi a nan? Ba ɗibar yashin nan ce ta jawo mana teku har cikin ɗaki ba?"

"Haba Davi, kowa ma ɗiba yake. Lodi na biyu ke nan, na farko tuni mun juye." Ya kashe ido ɗaya. "An ce kada in faɗa, amma tunda kin kama ni, a filinki muka juye. Selom ne zai gina miki ɗakin bulo, ki huta da wannan akurkin langa-langa."

Davi ta dubi yashin da ke cikin tifar. Damina nawa tana kwana da bokiti a gefen kai saboda yoyo, tana roƙon Allah ya nuna mata wannan rana? Ga ta ta zo. Idonta ya sauka kan bakin shebur ɗin wani ƙato, inda ɓawo fari mai taushi ya manne, da ɗan abu baƙi a ciki wanda bai kai tafin hannun jariri ba. Ba ya motsi.

Agbeko ya miƙo mata waya. "Ga shi nan ma ya kira, ki yi masa godiya da kanki."

"Dada!" Muryar Selom cike da murna. "Shegen ya tona ni ko? Kin ga yashin? Ni na ce musu kada su ɗebo ko'ina sai inda kike sharewa. Duk bakin tekun nan babu mai tsabtarsa, ba leda, ba ƙazanta. Na ce wahalar uwata ba za ta tafi a banza ba."

Ta so ta zage shi, ta so ta rungume shi.

"Na gani, ɗana," ta ce. "Allah ya yi maka albarka. Amma lodin nan shi ne na ƙarshe."

"Dada, ba zai isa ba fa. Ko rabin bango ba zai kai ba."

"To, rabin ya tsaya."

Ta mayar wa Agbeko wayar. Zuwa lokacin masu jan raga da matan kifi sun fara taruwa, har da waɗanda ta san sarai suna soya ƙwan kunkuru idan sun samu. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Can ƙauye hayaƙi baƙi yana tashi, kifinta ne yake ƙonewa.

Ta taka zuwa kan rami na biyu, inda babu wanda ya san da komai sai ita, ta juya tsintsiyar ta kafa ta a yashi, a tsaye, yadda za a hango ta daga nesa. Sannan ta gyara zani ta zauna a gefenta.

"Akwai ƙwai a nan," ta ce da ƙarfi. "Yanzu kun sani."