Kayan Dubiyar Inna

Hantsi ne, ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke, sai ɗigar indararo da ƙamshin ƙasa, lokacin da na sauke Inna daga keke napep ɗina a ƙofar gidanmu da ke Sabon Gari. Kwananta tara a asibiti. Likita ya ce ciwon suga ne, kuma shi ya hana gyambon babban yatsan ƙafarta warkewa. Ya ja ni gefe, ya faɗa mani da Hausa mai sauƙi, don ya lura ban yi nisa a boko ba, cewa in sugan bai sauka ba nan da wata guda, sai dai a cire yatsan.

Sunana Abdulsamad. Ni ne ɗan farin Inna, shi ya sa ba ta kiran sunana, sai dai “kai” ko “mai keke”. Shekara ashirin ke nan tana zaune gaban tanda tana tuyar masa, daga kujera sai tabarma, jiki kuwa ya buɗe har mutane na cewa hutu ya karɓe ta.

Kafin azahar gida ya cika da ’yan dubiya. Wannan ta zo da lemon kwalba, waccan da alkaki, wani ya aiko da damin rake. Mu a danginmu, in an kawo wa mara lafiya abu, dole ya taɓa shi a gaban wanda ya kawo, in ba haka ba an raina kyautar ke nan. Inna kuwa akwai kara. Ta kurɓi nan, ta gutsuri can, tana sa albarka.

Malama Dorcas, maƙwabciyarmu, nas ce. Kullum kafin ta tafi aiki sai ta shigo da ’yar na’urarta ta auna suga mai tsire yatsa. Kwana uku a jere tana duba lambar tana girgiza kai. Ta ce in hana ta kayan zaƙin nan. Na ce to. Amma ta yaya zan tare ƙawar Inna, wadda ta goya ni, in ce mata koma da alkakinki?

Rana ta huɗu Kawu Muhammad Sani, yayan Inna, ya iso daga Kucheri da galan ɗin zuma. Dillalin hatsi ne, mutum mai fara’a, tumbinsa na riga shi shiga zaure. Na ɗan durƙusa na faɗa masa abin da likita ya ce. Ya yi dariya ya dafa kaina.

“Gado ne, yaro. Baba da shi ya koma ga Allah. Abin da ke cikin jini, cokalin zuma ba ya ƙara shi, ba ya rage shi. Lantana, sha abinki.”

Inna ta dube ni, ta dubi yayanta, ta karɓi kofin.

Washegari lambar ta wuce ta kullum, gyambon kuma ya soma ruwa. Ban fita aiki ba. Na ajiye keke na hau motar Bungudu, na nufi Karakkai wurin Inna Babba, wato Tambaya, wadda ita ce babbarsu duka. A gonar gyaɗa na same ta tana cire ciyawa, siririya kamar sillen kara, ko haki ba ta yi. Ta saurare ni har na gama, ta karkaɗe hannu, ta ce in jira ta ɗauko mayafi.

Da muka iso ba ta yi wa kowa faɗa ba. Tabarma ta shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakin Inna ta zauna. Duk wanda ya shigo da leda, sai ta miƙa hannu ta ce ita ce babba, ita za ta taɓa a madadin ƙanwarta. Sai ta ɗan lasa, ta jero addu’a har mai kyautar ya gaji da cewa amin, sannan ta tura kayan bayanta. Wa zai ce an raina shi, alhali babbar gida ce ta karɓa da hannu biyu? In mutum ya tashi tafiya kuma sai ta ce, in Allah ya sake kawo shi, mara lafiya na marmarin zogale da rama. Da yamma ni ke rarraba lemon da alkakin gida-gida a layinmu. Yaran unguwa har suka fara tambayata ko Inna ta ƙara samun baƙi.

Ran Asabar da safe Kawu ya dawo, ya tarar da galan ɗinsa a bayan Inna Babba ko raguwa bai yi ba. Ya soma maganarsa ta gado.

“Sani,” in ji ta, “uwa ɗaya uba ɗaya munka fito, ko kai tsinto ka anka yi?”

Ya ce haba Yaya. Ta ce to, tunda jini ɗaya ne, a gwada jinin kowa a gani, ga Malama Dorcas nan ba ta tafi ba, kuma ba wanda ya karya tukuna. Ita ta fara miƙa yatsa. Nata lafiya lau. Na Kawu ya kusa kamo na Inna. Nawa kuma, in ji Malama, yana bakin gaɓa, in na ci gaba da shayi mai cokali huɗu da wuni kan kujerar keke, zan faɗa.

Malama ta ce Kawu bai yi ƙarya ba, ana gadonsa, amma ci da zaman wuri ɗaya su ke taso shi da wuri. Inna Babba ta ce ai ita ta gane tun ɗazu: iri ɗaya Baba ya bar masu, nata a kan tudu ya faɗi, su kuwa sun kai nasu fadama suna ta zuba masa taki. Malama ta yi dariya, ta ce amma na tudun ma yakan tsiro, don haka ita ma kar ta daina gwaji. Ta roƙi Kawu ya je asibiti a sake duba shi. Ya ce na’urar ce ta lalace, ya saɓa babbar rigarsa ya fita, ko sallamar kirki bai yi ba.

Daga nan gidan ya lafa. Inna na shan maganinta kan lokaci, tuwon dawa ɗan kaɗan, ganye mai yawa. Tana mita, Inna Babba na tsokanarta wai sun koma akuyoyi. Ni ma na dawo cokali ɗaya, masallacin Juma’a kuma a ƙasa nake zuwa. Da wata ya cika likita ya kwance bandeji, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce yatsa ya tsira. Ya ce ta riƙa ɗan tattaki safe da yamma, amma kar ta kuskura ta taka ƙasa ba takalmi, kuma ban da mai matsewa. Malama Dorcas ta ce ta ga Kawu a layin ganin likita har sau biyu, yana ta kawar da fuska.

Kwana biyu bayan haka, ina fitowa da safe zan ɗumama keke, na tarar da damin zogale a zaure, ganyen da sauran raɓa, a kansa kuma takalmin mata mai laushi cikin leda. Na leƙa waje. Can ƙarshen layi na hango bayan Kawu, yana tafiya a ƙasa zuwa tasha, shi da ko gidan maƙwabci zai je sai ya tare mai mashin. Ban kira shi ba.

Na kai zogalen madafa, na ajiye takalmin a ƙofar ɗakin Inna. Ta fito ta zura ƙafa, ya zauna mata daidai. Ba ta tambayi wanda ya kawo ba. Ta gyara mayafinta, ta ce wa Inna Babba ta tashi su tafi kafin rana ta yi zafi.