Saurayin Da Ya Koma Gyaran Ƙofa

Da biro take rubuta littattafanta, mijinta ke buga mata a kwamfuta. Tsohon akawu ne, ya yi ritaya amma yatsunsa sun ƙi yi. Shekara ashirin da shida da aure, bai taɓa ce mata yana son ta ba. In ta matsa, sai ya ce, "To zaman me nake yi a nan?"

Damuwarta a sabon littafin ita ce saurayin ciki. Dogo ne, mai wushirya, baki kamar zuma, kuma ba ƙirƙirarsa ta yi ba: mutumin da ya nemi aurenta ne kafin akawu. Duk babin da ta miƙa sai gabanta ya faɗi, kada ya gane ransa ya sosu. Shi kuwa bugawa kawai yake, ko tari ba ya yi, sai dai ya jefo tambaya.

"Wannan bawan Allah shafi huɗu yana zuba zance, ruwa na dukan yarinya. Ba shi da lema ne?"

Ta ba saurayin lema. A wani babin akawu ya ce ƙofar ɗakin yarinyar fa tun farkon labari take ƙara. Ta sa saurayin ya ɗiga mata mai. Wasa-wasa, kafin gyara na uku wushirya ta toshe, surutu ya ragu, saurayi ya koma mai fifita shayi kafin ya miƙa.

Editar kamfanin ɗab'i ta bugo waya. "Anti, ina masoyinmu na farko? Wannan ai kafinta ne! Masu karatu kalamai suke so."

"Kalamai ba sa tare ruwan sama, 'yar nan. A buga haka."

Sai da ta ajiye wayar ta gane ashe mijinta ta rubuta, daɗi ya kama ta har da 'yar kunya.

Ranar da kwalin littattafai ya iso, akawu ya saka tabarau ya karanta har bango. Ita tana ta goge teburin da ba shi da ƙura.

"Yaya, Malam?"

"An bar waƙafi biyu a shafi na sittin."

"Saurayin nake tambaya."

Ya rufe littafin. "Ya yi hankali. Na farkon ma ba laifi, ranar aurenmu har gaisawa muka yi. Tun a lokacin na san ba zai iya da ke ba."

Ta jefe shi da tsumman, dariya ta hana ta saiti.