Takalmin Ƙarfe a Bakin Zaure

…kuma ƙasan takalmin fes, ko ƙwarzane babu. Wurin da Malam Habila ya fara dubawa ke nan. Shi ya ƙera mata shi bara: ƙarafa biyu daga cinya zuwa dunduniya, maɗauran fata, baƙin takalmi a ƙasa. Ya kife shi, ya shafa da babban yatsa, ya dube ni. Da ma faɗa ya yi, da na san abin da zan yi da fuskata. Ya ɗauki yarinyar ya shige ɗakin awo, aka bar ni a benci cikin mata.

Yarinyar… haka nake cewa. 'Yar fari ce, ba na kama sunanta, ban taɓa ba. Ba na ɗaukarta a gaban mutane, ba na yi mata wasa. Haka uwata ta yi da yayanmu, kuma ba wanda ya mutu. Ranar yaye Gwaggo ta karɓe ta — ƙanwar surukina ce — a ɗakinta take kwana, ita ke kawo ta asibitin nan. Yau bayan Gwaggo ya riƙe, shi ne aka ce in zo. Ni 'yar aike ce kawai.

Fankar sama tana juyi, iskar ba ta saukowa. Warin fata da na maganin wanke ƙasa. Matar da ke kusa da ni, daga Wusasa ta ce take, sai kiran sunan ɗanta take yi, Edward kaza, Edward kaza, tana goge masa yawu da bakin zane, har da sumba a goshi. A gaban jama'a! Na kau da kai. Mene ne nawa a ciki?

Zazzaɓi ne, tana shekara biyu. Da ya sauka sai ƙafar hagu ta zama kamar jiƙaƙƙen tsumma. Shan inna, in ji kowa. An sha rubutu, an yi turare, an shafa abin da aka shafa. Ta girma tana jan jiki a tsakar gida. Lokacin daɓen ƙasa ne, da sauƙi. Da kuɗin Udoji na ƙarin albashi suka fito maigidan ya sayi Vespa ya kuma malale gidan da siminti, har zaure. Kowa ya zo ya yaba. Gwiwoyinta ne dai ba su yaba ba, kullum a saɓule.

Sista Felicia ce ta gan ta, ranar da suka shigo gida-gida awon jarirai. Ita ta kawo mu wurin Malam Habila. Maganarta ɗaya ce, kuma ta nanata: daga tashi barci har kwanciya, kada a cire. In aka kiyaye, da ƙafarta za ta tafi makaranta. In aka bari gwiwar ta lanƙwashe ta ƙage, to sai wuƙar likita a Kano, sai watanni a kwance. Ga shi rediyo ba ya hutawa, safe da yamma: bana kowane yaro makaranta, kyauta. Saura wata guda. Har an ɗinka mata riga, tana ninke a cikin kwallar Gwaggo, yarinyar takan sa a buɗe mata ta shinshina.

Kada a cire… Sista ba ta san gidanmu ba.

Surukina malami ne, a zaure yake wuni, bisa buzu, littattafai sun kewaye shi. Wa ya isa ya taka zauren nan da takalmi? Alhazan da ke zuwa da manyan motoci tun daga bakin kwata suke tuɓe nasu. Ita kuwa yarinyar can ne wurin zamanta, gefen kakanta, da ɗan allonta, yana tsokanarta wai matarsa ta fi kowa rowa. To takalmin ƙarfe ba takalmi ba ne? Sai a tuɓe a ƙofar da ke ta cikin gida, a jingine shi da bango kusa da silifas, ta ja jiki ta shiga. In ta fito cin abinci a mayar. In za ta koma a cire. Ɗakin Gwaggo ma akwai tabarmar salla, a cire. Bangon nan ya fi ƙafarta sanin takalmin.

Wani abu ya faɗi a ɗakin awo. Ƙarfe ne. Ba kuka take yi ba… ba ta cika kuka ba. Ɗazu da Malam Habila ya gwada miƙe ƙafar, gwiwar ta tsaya a hanya, ta ƙi. Ya danna kaɗan, ta cije leɓe. Ni ina kallon kalandar bango.

In Sista ta tambaya wa ya ce a riƙa cirewa, sai in ce — wa? Malam surukina? Bari in tuna. Ranar farko da ta tsaya a kan ƙafafunta, ƙwaras-ƙwaras, daga zaure ya ɗaga murya yana hamdala. Bai ce a cire ba. Ba a ma tambaye shi ba, wa zai tari Malam da zancen takalmi? Maigidan? Shi Juma'a yake zuwa daga Kaduna, ya ce a bi maganar likita, ya goge Vespa ya koma. Gwaggo? Abin da ta ce kawai, yatsunta ba sa iya maɗauran nan, in taimaka.

In taimaka.

Na durƙusa a bakin ƙofar zauren. Ba wanda ya ce kunya, aiki ne aka sa ni. Ta dafa kaina don kada ta faɗi — ɗan hannun nan, da ɗumi, yana warin tawadar allo. Maɗaurin cinya, na gwiwa, na ƙwauri. Ba na sauri. Nakan shafa inda fatar ta yi mata shaida, wai ina dubawa. Takan ce, "Yaya, kin fi Gwaggo iyawa." Yaya take ce mini. Safe, rana, la'asar… da na ji ƙwaras-ƙwaras ta nufi zaure, ko tuwo nake tuƙawa sai in saki muciya. Wani lokacin ba ta ma nufi zauren ba, ni nake cewa Malam na nemanki.

Ni nake cewa.

Ba zauren ba ne ashe. Shekara guda… Ina sonta, shi ke nan, ina sonta kamar in haɗiye, kuma ƙofar da na samu ke nan, ƙofar da ta lanƙwashe mata gwiwa. In yau suka ce a ɗaura kada a sake cirewa sai barci — Gwaggo ce ke kwantar da ita. Ni kuma sai yaushe?

Ƙofa ta buɗe. Ba Sista ba ce, wata sabuwar nas ce, yarinya, da takalmin a hannu.

"Wace ce maman Ummulkhairi?"

Mata suna waige-waige. Maman Edward ta dube ni. Ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba, ban san da wace murya ake amsa ta ba. Ta sake tambaya, da ƙarfi. Ƙafata tana laluben ƙarƙashin benci, tana neman takalmina… ban ma san lokacin da na cire shi ba.