Moɗar Babagana

Kabo na fifita gawayi sa'ad da Alhaji Ja'afar, dillalin hatsi, ya wuce bencinsa bai zauna ba. Titi ya tsallaka ya nufi teburin Badaru. Tun safe haka tsofaffin tashar Gaya ke yi.

Kabo da Badaru duk a hannun marigayi Babagana suka koyi shayi. Tsohon yana da moɗa biyu na tagulla da mahaifinsa ya taho da su daga Borno. Da su yake shiƙa shayi, ya ɗaga ɗaya sama yana zubawa cikin ɗayar har kumfa ta taso. Bayan sadakar arba'in, matarsa Hanne ta naɗe su a tsumma ta aika wa Badaru. Kabo kuwa, wanda ya fi daɗewa a wurin, rariya aka ba shi. Sai ya je Kano ya sayo sababbi na silba masu ƙyalli.

"Alhaji, yau ba a tsayawa?"

"Zan dawo, Kabo. Can ɗin ne ake jin ɗanɗanon tsoho."

"Ganye ɗaya muke saye, madara ɗaya."

"Ban musa ba. Amma kayanka kamar na asibiti."

'Yan acaɓa suka yi dariya. Kabo ya dubi tsallaken titi. Badaru in yana shiƙa ko kafaɗa hannunsa ba ya kaiwa, yana ma zubarwa, amma bencinsa babu masaka tsinke.

Da hantsi ya yi, Kabo ya zagaya bayan rumfa da moɗarsa guda biyu. Ya shafe su da baƙin tukunya, ya ɗauki dutse. Ya san inda kowace lotsawa take a jikin na Babagana, don shekaru ya yi yana wanke su. Nan ya bubbuga, a hankali.

Alhaji ya cika alkawari, ya dawo ya zauna. Kabo ya ɗaga hannu har saman kansa ya fara shiƙa. Kumfa ta taso yadda ake so. Sai wani siririn shayi ya tsiyayo daga gindin moɗar, yana ɗiga kusa da takalmin Alhaji. Alhaji ya janye ƙafarsa.

"Yaya," Badaru ya kira daga tsallake, "in miƙo maka ɗaya ka ƙarasa?"

Kabo bai waiwaya ba. Ya toshe hudar da ɗan yatsa, shayin na ƙona shi, ya ci gaba da shiƙa.