Idon Tasalla

Ƙyanda ta kama 'yata ta fari, ni kuma na tafi Roni ɗaukar hoton furen auduga. Abin da ya faru ke nan, ba sai na yi masa kwalliya ba.

A shekarar da naira ta fito ne. Ina da rumfar hoto a bakin kasuwar Kazaure. Ban yi boko ba, amma na san haske, na san inuwa. Malam Mamuda, malamin gona, ya ba ni aikin hoton furanni, baƙi da fari, na wani littafi da za a raba wa manoma. Na gama na gyaɗa da na kuɓewa, saura auduga.

A gidanmu ana kunyar ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa, ba ka tambayar lafiyarsa. Haka ubana ya yi mini, ban kuma mutu ba. 'Yar tawa, Tasalla, ta yi shekara shida a ɗakin Inna, mahaifiyata. A makon nan Inna ta tafi Gwiwa zaman makokin ƙanenta.

Ina ɗaure kyamara a bayan babur sai matata Saude ta fito, idonta a ƙasa.

"Malam, 'yar Inna ba ta ci tuwo ba jiya."

"Sai a dama mata kunu."

"Jikin da zafi. Idon ma ya yi ja."

"Innar ba jibi za ta dawo ba?"

Ita uwa kunyarta ta fi tawa, wannan ma da ta faɗa sai da ta daure. Asibiti yana nan bayan kasuwa, ko tafiyar minti goma bai kai ba. Na wuce ta ƙofar ɗakin, na ji tari, ban ɗaga labulen ba.

* * *

Furen auduga ba ya jiran kowa. Da safe ya buɗe fari-fari, washegari ya yi ja, daga nan sai ya faɗi. Kwana uku ina rarrafe a cikin kunyoyi, ina kare shi daga iska da hulata.

"Kai, mai hoto, lallaɓa shi kake kamar jariri!" in ji Malam Mamuda yana dariya.

"Ranka ya daɗe, ko numfashi na yi da ƙarfi sai ya girgiza."

Na nuna masa wani da gefensa ya fara lanƙwashewa, na ce wannan ba zai kai la'asar ba. Bai kai ba kuwa. Har yabona ya yi, wai ina da ido.

* * *

Na tarar da Inna a tsakar gida, ko mayafi ba ta cire ba. Ruwa ya yanke hanya, sai ranar ta samu mota.

"Hamma," ta kira sunana, "ku biyu, manya da ku, a gida ɗaya?"

Ita ta goya yarinyar zuwa asibiti, ina biye da su kamar baƙo. Malamin asibitin ya buɗe fatar idon da yatsa, ya haska, ya daɗe yana dubawa. Baƙin idanun duka biyu ya koma fari kamar an ɗiga nono.

"Wane ne ubanta?"

Sai da Inna ta zungure ni na ce ni ne.

"Da shekaranjiya kuka zo, da wata maganar ake yi. Ranta dai za ta tsira da shi."

Ta tsira. Bayan sati biyu aka shimfiɗa mata tabarma a gindin bango don ta sha iska. Na dawo daga rumfa na same ta ita kaɗai, tana lalubar kofin ruwa, kofin yana can gefen ƙafarta. Na duba, babu kowa. Na tsugunna.

"Tasalla," na ce. Ban taɓa faɗar sunan ba, har ya yi mini nauyi a baki.

Ta janye hannunta, ta matsa jikin bango, ta karkato kunne.

"Wane ne?"